Ƙofar mota mara nauyi: me ake ragewa a aljihu, me ake ragewa a kariya?

Duk mai mota a Legas ya san ƙofa ce ta fi shan wahala a jikin mota. Yau danfo ya goge ka a Oshodi, gobe mai keke ya kutso ta gefenka a Agege, jibi kuma tirela ta matse ka a hanyar Apapa. A da in ƙofa ta lotsa sosai ba a wani dogon tunani, kasuwar kayan mota ta Ladipo kawai ake shiga a ɗauko tokumbo, wato ta hannu da aka shigo da ita daga waje, a ɗaura. To amma tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yunin shekarar, dalar da gwamnati ke bayarwa a kusan naira 460 ta zo ta haura 1,500 a 2024, kuma kayan gyaran mota kusan duk da dala ake shigo da su, sai canjin ƙofa ya koma abin da sai an zauna an yi shawara.

Shi ya sa yanzu a majalisun direbobinmu, daga Agege zuwa Mile 12 da Idi-Araba da Alaba Rago, ake yawan musu a kan ƙofofin nan marasa nauyi da ke shigowa sababbi fil a kwali, farashinsu ƙasa da na asali. Wasu su ce ai ci gaba ne, sababbin motoci ma duk haka suke, kuma tana rage shan mai. Wasu su ce gwangwani ce kawai, ran da aka buge ka za ka gane. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, amma yawanci ba a kan abu ɗaya suke magana ba, don ƙofa tana iya rasa nauyi ta hanyoyi daban-daban, kuma hanyar da aka bi ita ce ke nuna ko akwai kariya ko babu.

## Me ke cikin ƙofar tukuna

In ka tsaya kan bakanike lokacin da ya ɓalle murfin ciki, wato robar nan mai hannu da makunnin gilas, abin da za ka fara gani wata leda ce ko faifan roba da aka manne da baƙin danƙo. In ya ɗaga ta ka haska tocilan ta ramukan ƙarfen, can ciki dab da fatar waje za ka hango wani ƙarfe ya ratsa daga ɓangaren hinjis zuwa ɓangaren sakata, a wata motar bututu ne zagayayye kamar fayif, a wata kuma faifai ne mai kwari-kwari, an walde bakinsa biyu a jikin firam. Wannan shi ne ƙarfen kariya, kuma kusan duk maganar nan a kansa take.

Fatar waje da muke shafawa muna yaba fenti ba ta kai kaurin milimita 1 ba a yawancin motoci, ba ita ke tare mota ba. Aikin yana kan ƙarfen cikin nan, da firam, da hinjis, da sakata, sai ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya, da dokin ƙofa na ƙasa. In mota ta daki gefenka, ƙarfen yana karɓar bugun ya miƙa shi ga ginshiƙai ta hinjis da sakata, ginshiƙan su raba shi zuwa rufi da ƙasan mota. Kaga kenan ko ƙarfen yana nan garau, in sakata ta ɓalle ko hinjis ya tsinke, ƙofar gaba ɗayanta za ta shigo ciki, ko ta buɗe ta watso mutum kan titi. Dokar Amurka ta tanadi cewa sakatar ƙofa ta jure jan da ya haura tan 1 ba ta saki ba.

Dalilin da ya sa bugun gefe ya fi tsoro a fili yake. In gaba da gaba ne akwai bamba da bonet da ɗakin inji, wajen mita guda na ƙarfen da aka ƙera don ya murƙushe ya shanye ƙarfin bugun kafin ya iso ga mutum. A gefe kuwa tsakanin haƙarƙarin direba da bambar ɗayar motar bai wuce taƙi ɗaya zuwa biyu ba. A Amurka, inda ake ajiye lissafin nan da kyau, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen da ke mutuwa a cikin ƙananan motoci bugun gefe ne ke kashe su.

Akwai wani abu kuma da ko kanikawa ba kowa ya sani ba. A motoci da yawa masu jakar iska ta gefe, wato eyabag, sensar da ke sanar da kwamfutar mota an yi haɗari a cikin ƙofar take, kuma matsin iska take aunawa. Da an bugi ƙofa ta lotsa, iskar cikinta ta matse, sensa ta ji, jakar ta fashe, duk cikin kashi 1 zuwa 2 bisa 100 na sakan. To ledar nan da yaran gareji ke yagewa su yar in sun zo gyaran gilas, ko ramin da ake faɗaɗawa don saka babbar sifika, duk suna iya canza yadda iskar ke matsewa. Ƙofar da aka ƙera da wani kauri daban ko aka bar mata ramuka ma haka, tana iya sa jakar ta makara, kuma jakar da ta makara ba ta da wani amfani.

## Yadda ƙofa ta yi nauyi tun farko

Motocin da can ba su da ƙarfen nan. Kamfanin General Motors ne ya fara saka shi a wasu motocinsa na 1969, sai gwamnatin Amurka ta mai da ƙarfin ƙofa doka daga farkon 1973, a ƙarƙashin ƙa'ida mai lamba 214. Gwajin lokacin matsa ƙofa kawai ake yi da inji a ga nauyin da za ta jure. A 1990 aka ƙara gwajin karo na zahiri, a turo amalanke mai nauyi ta daki gefen mota da mutum-mutumi a ciki, daga baya a 2007 aka ƙaro na buga gefen mota a jikin turke, kamar dai motar da ta sulale ta daki falwaya ko bishiya. Turai ta ɗan makara, sai 1998 gwajin gefe ya zama dole ga sababbin ƙira, da amalanke mai kilo 950 a gudun kilomita 50. Volvo kuma ta fito da jakar iska ta gefe a 1994, sai labulen iska mai kare kai a 1998.

Cibiyar IIHS, wadda kamfanonin inshorar Amurka ke ɗaukar nauyinta, ta fara nata gwajin a 2003 da amalanke mai kilo 1,500, tsayinta irin na gaban jif, saboda jif-jif sun cika titi kuma bambarsu sama take bugu. Da suka bi sawun haɗurran gaske sai suka gano direban motar da ta samu maki mafi kyau a gwajin, yiwuwar mutuwarsa in an buge shi ta gefensa ta yi ƙasa da kashi 70 cikin 100 a kan na motar da ta samu maki mafi muni. A 2021 suka ƙara tsananta shi, kilo 1,900 a gudun kilomita 60, ƙarfin bugun ya ƙaru da kashi 82 cikin 100, kuma motoci da dama da suka saba cin jarrabawar suka kasa.

Wannan ya shafe mu kai tsaye don Camry da Corolla da Sienna da Accord ɗin da ke sauka a Tin Can da Apapa yawancinsu ƙirar kasuwar Amurka ne, an gwada su da ƙofofinsu na asali. Makin da mota ta ci na motar ne da ƙofar da aka gwada ta da ita, in ka canza da wata iri to babu wanda ya taɓa gwada wannan haɗin.

## Rashin nauyin ba iri ɗaya ba ne

Masu cewa sababbin motoci ma ba su da nauyi ba ƙarya suke ba. Audi ta fito da A8 mai jikin alminiyom tun 1994, Ford kuma ta mai da jikin F-150 alminiyom a ƙirar 2015 ta rage mata har kilo 300 da ɗoriya. Alminiyom nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, amma bai kai shi tauri ba, shi ya sa masu ƙira ke ƙara masa kauri su canza siffar ciki, sannan su kai motar a farfasa ta a ɗakin gwaji su gani. Wasu kamfanonin kuma ƙarfe mai sinadarin boron suke amfani da shi, wanda ake matsawa da zafi a sanyaya shi nan take, ƙarfinsa ya ninka na ƙarfen bodi na yau da kullum sau huɗu ko biyar, don haka siriri ma ya isa. Irin wannan rashin nauyin, wanda shi ne na farko, tsada ke gare shi, ba ya zuwa da araha. In an ce maka ƙofa ba ta da nauyi kuma ta fi ta asali sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, to da wuya a ce wannan fasahar ce a cikinta.

Na biyu su ne ƙofofin faiba da na kabon faiba, wato na zare da danƙo ba ƙarfe ba, waɗanda asalinsu na motocin tsere ne. Samari masu son gyara mota ta yi kyau sukan ce ai motar tsere ta fi kowace gudu kuma ita ake saka wa, me zai hana ni. Abin da ba a faɗa shi ne motar tsere an walda mata keji na bututun ƙarfe a ciki, da sanduna da suka gitta bakin ƙofar, ga kujera mai rungume jiki, ga bel mai igiya biyar ko shida, ga hular kwano. Ƙofar a wajensu murfi ce kawai, kejin ke kariya. Masu sayar da irin waɗannan a ƙasashen waje da yawansu sukan rubuta cewa ba don titin jama'a aka yi su ba. Faiba ba ta lanƙwasa ta riƙe kamar ƙarfe, tsagewa take ta farfashe, kuma gurin da aka ɗaura hinjis da sakata a jikinta shi ne ya fi saurin yagewa. Kabon faiba na gaske, irin wanda kamfani ya ƙera motar da shi tun farko, yana da ƙarfi ƙwarai, amma shi ma wani abu ne daban da fatar da aka zuba a kwarya aka shafa mata ƙyalli.

Na uku, kuma shi ne ya fi yawa a kasuwanninmu, ƙofar ƙarfe ce ta kwaikwayo, wadda wani kamfani daban ya auna ta asali ya buga irinta, yawanci daga Taiwan ko Sin. Nan ne adalci ya wajaba, don ba duka suka taru suka zama ɗaya ba. Akwai masu inganci da ko a Amurka kamfanonin inshora na biyan kuɗinsu, har akwai wata ƙungiya can mai suna CAPA da aka kafa a 1987 don gwada kayan kwaikwayo ta manna musu hatimi. Akwai kuma na ƙasa-ƙasa da ake bugawa don kasuwar da ba ta tambaya. A irin waɗannan ana rage kaurin fata, a rage ɗigon walda, ƙarfen kariyar ya zama bututu na gama-gari mai kama da na asali a ido amma ba irin ƙarfen ba ne, wani lokacin ma a bar shi gaba ɗaya. Matsalar ita ce ido ba ya bambance ƙarfen boron da na gama-gari in an shafa musu baƙin fenti iri ɗaya.

Sai na huɗu wanda namu ne na gida, ƙofar da aka rage mata nauyi a gareji ba da niyya ba, an yanke ƙarfen ciki saboda yana hana guduma isa ga lotsawar, aka gama aiki ba a mayar ba.

## Lissafin mai

Hujjar da ta fi jan hankalin masu Bolt da Uber da tasi ita ce ta mai, kuma ba laifinsu ba ne, litar da ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati a farkon 2023 ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Gaskiya ne nauyi na shan mai. Ma'aikatar makamashin Amurka ta ce rage kashi 10 cikin 100 na nauyin mota kan rage shan mai da kashi 6 zuwa 8. To mu ɗora wannan kan ƙofa. A ce mota kilo 1,400 ce, a ce sabuwar ƙofar ta fi tsohuwar sauƙi da kilo 10, wanda ma an yi mata kara, bai kai kashi 1 cikin 100 na nauyin motar ba, ragin man kuma wajen rabin kashi ɗaya ne. Mai shan man naira 10,000 a rana ya tsira da wajen naira 50 kenan. Iskar taya da ta yi ƙasa, ko tarkacen da ke kwana a but, ko awa biyu a gosilon gadar Third Mainland da esi a kunne, kowanne ya fi wannan cin mai. Don haka in za a sayi ƙofa mara nauyi, dalilin gaskiya shi ne arahar sayenta, maganar mai ba ta da wani ƙarfi.

## Mai nauyin ma sai an duba

Masu cewa a ɗaga ƙofa a ji nauyinta su ma akwai inda suke kuskure. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kashi 40 cikin 100 Afirka suka zo, kuma sanannen abu ne cewa da yawa cikin waɗanda ke zuwa Najeriya daga gwanjon motocin haɗari da na ambaliya ake sayo su. Ƙofar tokumbo daga jikin irin waɗannan ake cire ta. In motar ta gaba ta yi karo to ƙofofinta na iya zama lafiya lau, kuma wannan ita ce ƙofar da ta fi dacewa da talaka, ta asali ce da ƙarfenta da komai a farashi mai dama. In kuma ta gefe aka buge ta aka gyara, ko ta kwana cikin ruwa, labari ya canza.

Ka je gurin masu gyaran bodi ka ga yadda ake tayar da ƙofar da ta lotsa. A kwantar da ita kan tsohuwar taya, a kunna wutar kabaid a gasa wurin har ya yi ja, a sa guduma da ƙarfen dannawa a buga, a watsa ruwa ya yi cuuu, sannan a kwaɓa fila a shafe, a goge da samfefa, a fesa fenti. Aikin hannu ne na gwaninta, kuma a tsofaffin motoci masu ƙarfen gama-gari ba shi da wata babbar illa a fatar waje. Amma in wutar ta taɓa ƙarfen kariya mai boron, ƙarfin da aka ba shi da zafi a masana'anta zafi ne kuma ke warware shi, zai miƙe ya yi kyau a ido alhali ya koma ƙarfe na gama-gari. Shi ya sa kamfanoni irin su Honda suka rubuta a ƙa'idojin gyaransu cewa irin wannan ƙarfen ba a gasa shi ba a miƙar da shi, canzawa ake yi. Ita kuma fila nauyi gare ta, ƙofar da aka lafta wa fila za ta iya fin ta asali nauyi a hannu, kariya kuwa ko kaɗan ba ta ƙara.

Ga kuma tsatsa. Legas gari ne na ruwa da iskar teku mai gishiri, a ƙasan kowace ƙofa akwai ƴan ramukan da ruwa ke fita, in laka ta toshe su ruwan damina ya kwanta a ciki, sai ta fara ci daga ciki, daidai inda aka walde bakin ƙarfen da inda hinjis ke kama firam. Motar da ke yawan ratsa ambaliyar Lekki ko ta Ajegunlen hanyar Ikorodu ta fi shiga wannan.

## Abin da kowane ɓangare ke riƙe da shi

Ɗan kasuwa zai ce maka, "Alhaji, kuɗinka ne ke zaɓa, akwai ta ɗaya akwai ta biyu akwai ta uku, ni ban ɓoye maka ba." Kuma sau da yawa haka ne, ana faɗin darajar kaya, abin da ba a faɗa shi ne me ya bambanta su a ciki, don shi kansa mai shagon bai taɓa ganin an gwada ko ɗaya ba. Bakanike kuma abin da ya dame shi ƙofa ta zauna daidai, layi ya haɗu, gilas ya hau ya sauka, ruwa kar ya shiga, in ka matsa masa ya ce, "Maigida, ai ka ga ta rufu tsaf, sauran sai Allah ya kiyaye."

Direban haya yana da hujja mai nauyi da bai kamata a raina ba. Motar nan ita ce abincin gidansa, in ta kwana uku a gareji balas na jiransa, kuma a ganinsa gudun Legas bai kai na kisa ba tunda rabin yini a gosilo ake. Ya kan ƙara da cewa ga danfo can na tafiya ƙofa a buɗe kwandasta na lilo, ga keke ko ƙofar ma babu, shi da ke da ƙofa ko ta kwali ce ai ya fi su. A cikin cunkoso maganarsa na kan hanya, gogar gosilo kowace ƙofa za ta ɗauka. Sai dai bugun gefe mai kisa ba a gosilo yake faruwa ba, a mararraba yake faruwa da sassafe ko tsakar dare in titi ya yi fili wani ya ƙi tsayawa a danja, ko wajen yin kwana a manyan hanyoyi irin na Ikorodu da Badagry da Lekki zuwa Epe, kuma lokutan nan ne masu haya suka fi aiki. Gudun da ake gwada motoci da shi ma kilomita 50 zuwa 60 ne kawai, wanda ba a ɗauke shi gudu ba a nan.

Masana kariyar mota su kuma ba sa cewa ƙofa mai kyau za ta ceci kowa. In tanka ko tifa ce ta shigo da gudu babu ƙofar da za ta tsaya mata, bambarta ma ta saman ƙarfen take bi ta gilas. Abin da suke cewa shi ne yawancin haɗurra tsaka-tsaki ne, ƙaramar mota da ƙaramar mota ko da jif, kuma a nan ne ƴan santimitocin da ƙofa ta hana shigowa ke raba wanda ya fito da ƙujewa da wanda ƙugunsa ko haƙarƙarinsa ya karye. Mu mun yarda kwana in ya ƙare ya ƙare, amma ai an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali.

## Ina hukuma a ciki

Akwai hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tun 1988, akwai SON mai kula da ingancin kaya, jihar Legas kuma tana da cibiyoyin duba mota da kwamfuta na LACVIS inda ake zuwa kafin a karɓi takardar lafiyar mota. Gwajin can ya fi karkata ga birki da fitilu da hayaƙi da ƙafafun mota, ba a kwance murfin ƙofa a leƙa ciki, kuma ba a nan kaɗai ba, a yawancin ƙasashe ma binciken shekara-shekara ba ya kaiwa can. Bambancin shi ne a wasu ƙasashen inshora ce ke biyan gyara, ita ke sa ido kan irin kayan da aka saka, garejin da ya yi aikin banza kuma ana iya maka shi kotu. A nan mai mota ne ke biya daga aljihunsa, shi ne kuma mai sa ido.

Wani abin da mutane ke bari ya wuce su shi ne inshorar nan ta dole. Daga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da inshora ta ɗaga kuɗinta daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida, ta kuma ɗaga abin da za a iya biyan wanda aka yi wa ɓarna zuwa naira miliyan 3, ƴan sanda suka fara tsananta bincikenta daga 1 ga Fabrairun 2025. Ma'ana in wani ne ya buge maka ƙofa kuma takardarsa ta gaske ce, kamfaninsa ne ya kamata ya biya gyaran. Amma mun fi sabawa da sasantawa a bakin titi, a yi ta ba da haƙuri, a miƙo abin da bai kai rabin kuɗin ƙofar kirki ba, kuma daga nan ne ake faɗawa sayen ƙofar mafi araha.

## Wa abin ke faɗawa, kuma me za a iya dubawa

Wanda ya zaɓi ƙofar ya san abin da ya saya, ko ya san rabinsa. Fasinjan da ya kira mota a waya bai sani ba, yaran da ake kaiwa makaranta suna jingine da ƙofar baya ba su sani ba, wanda zai sayi motar bayan shekara biyu an ce masa ba ta taɓa haɗari ba shi ma bai sani ba. A ganina nan ne maganar ta fi nauyi, musamman ga masu haya da dillalai, don haƙƙin wani ne ke shiga ciki, kuma ɓoye aibin kaya a ciniki mun san hukuncinsa.

Mai sayen ƙofa ko mai sayen mota ta hannu yana da ƴan dabaru da ba sa cin kuɗi. Ka sa a ɓalle murfin ciki a gabanka ka haska, ka ga ƙarfen yana nan, a miƙe yake, bakinsa biyu da ɗigon waldar masana'anta masu tsari, babu baƙin ƙuna ko waldar hannu ko fentin da ya tashi. Ka bi fatar waje da ɗan maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa a ƙofar ƙarfe fila ce a wurin, sai dai in motar asalinta mai ƙofar alminiyom ce, ita ba ya kama ta ko'ina. Ka gwada nauyinta da tsohuwar da aka cire, in bambancin ya yi yawa ka tambayi me ya fita. Ka duba ƙasanta ta ciki saboda tsatsa da alamar laka. In tokumbo ce ka tabbatar shekarar ƙira ɗaya ce da taka, don ƙofa na iya shiga ramin ta rufu alhali wayarin da sensar ba iri ɗaya ba ne. Bayan an ɗaura ka kunna mota ka kalli fitilar eyabag, ya kamata ta kama na ƴan sakanni ta mutu, in ta tsaya a kunne akwai matsala, in kuma ko kamawa ba ta yi to wataƙila an cire ƙwan ko an rufe shi.

In bugun da ya lalata tsohuwar ƙofar mai ƙarfi ne, a duba ginshiƙin tsakiya da dokin ƙasa, don sabuwar ƙofa a jikin ginshiƙin da aka gasa aka ja da sarƙa ba ta da inda za ta miƙa bugu. Hinjis da sakata kuma a saka na asali da notinansu, kar a yarda a walde hinjis ko a faɗaɗa rami don ƙofa ta zauna.

Wanda kuɗinsa bai kai ta asali sabuwa ba, tokumbo mai lafiya da aka duba cikinta ita ce ta biyu, sai ta kwaikwayo mai hatimin gwaji in an samu. In kuma lotsawar a fata kawai take, ƙarfen ciki da firam ba su taɓu ba, gara a gyara tsohuwar a sanyi ba wuta, ko a canza fatar kaɗai a bar cikin, ko da aikin bai fito sumul kamar sabuwa ba. Faiba kuwa a bar wa motar da ke da keji a ciki.